MOTAR KURAN: IN ZA A YI DOKA, A FARA DA ƊAN KABU-KABU

 

Kwanakin nan in ka buɗe WhatsApp ko Facebook, da wuya ka rufe ba ka ga bidiyon motar da ba ta shan mai ba. Wannan daga Wagadugu, wannan daga Maiduguri, wannan daga Adis Ababa. A ƙarƙashin kowane bidiyo kuwa mutanenmu sun rabu gida biyu. Wasu na cewa: "Mi muke jira? Gwamnati ta cire kuɗin duwan ga motocin kuran, ta gina tashoshin caji kan babbar hanya kamar yadda ake yi a ƙasashen Turawa." Wasu kuma dariya suke, suna cewa: "Ƙasar da fanka ke kwana tsaye cikin bazara, ita za ta yi motar kuran?"

Mu dai ba mu tare da ko wane ɓangare, kuma za mu faɗi dalili. Amma bari mu fara aje matsayinmu a fili, don kar wani ya ce mun yi kewaye-kewaye. Ranar da Nijar za ta rubuta dokar abin hawa mai aiki da kuran, da sassaucin haraji, da ƙa'idar tashoshin caji, to a fara da moto da adaidaita sahu da mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, a garuruwan kasuwa irin namu, da wutar rana. Motar ƙawa ta babban mutum ta jira. Duk dokar da ta fara da ita, kuɗin talaka ne anka ɗauka anka yi wa mai hali gudunmawa.

Bari mu fara da masu dariya, don akwai gaskiya a bakinsu. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran a ƙasar nan, kuma a karkara abin bai kai ko kusa da haka ba. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Ta yammacin ƙasa tana biyo layin da ya taso daga Birnin Kebbi ya ratsa Dosso ya isa Yamai. Dukanmu mun tuna abin da ya faru a farkon Agusta 2023, lokacin takunkumin CEDEAO: anka yanke layin, sai Maris 2024 anka maido. Madatsar Kandaji, wadda anka aza harsashinta tun 2008 da alƙawarin megawat 130, har yau jiranta ake. Wanda ya san wannan duka ya ce a jona motoci ga wayar NIGELEC, ai ya cancanci a yi mishi dariya.

Sai dai inda masu dariya sunka ɓata hanya shi ne, sun ɗauka kuran ba ya zuwa sai ta waya. Ku dubi ƙauyukan da ko turken wuta ba a kafa ba. Wa ya rasa cajin salula? Yaro ɗaya da panno biyu da batir ɗaya yana cika wa unguwa guda wayoyinsu, yana cin abinci da sana'ar. Ku dubi fadamar Dallol Mawri, inda ruwa ke kusa: masu garka nawa sunka fara aje injin mai sunka koma fanfon rana? Famfunan ruwan sha nawa ke aiki da rana a ƙauyukanmu? Babu wanda ya jira Kandaji kafin ya yi wannan. Kuma ba baƙon ilimi ba ne gare mu. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, ya shugabanci ma'aikatar binciken makamashin rana ta ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, lokacin da ƙasashe da yawa ba su ma fara ɗaukar maganar da muhimmanci ba. Tashar rana ta Malbaza mai megawat 7 tana aiki tun 2018. Ta Goru Banda mai megawat 30 ta fara ba da wuta a ƙarshen 2023, daidai lokacin da Yamai ke cikin duhun takunkumi.

Kuma masu dariya su gaya muna: man da suke dogaro da shi, yana da tabbas? Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban Najeriya Bola Tinubu ya cire tallafin mai. Daga wannan rana kwalbar ƴan ruwa-ruwa, wadda ta riƙe garuruwan bakin iyaka shekara da shekaru, ta daina zama mai sauƙi. A Yuli 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar esansi zuwa tamma 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal kuma 618. Madalla. Amma a Maris 2025 mun ga layi a gidajen mai daga Yamai har cikin jihohi, domin matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, ba ta iya rufe giɓin da man Najeriya ya bari ba. Bututun ɗanyen mai ya ratsa jiharmu ta Dosso ya fita ta Gaya zuwa gaɓar tekun Benin, amma ɗan kabu-kabu na yawo da galan yana neman lita biyu. In mai ya yi wuya a Yamai, ma'aikaci ne ke makara ofis. In ya yi wuya a nan, mace mai naƙuda ce ke rasa wanda zai kai ta likita, rake da dankali ne ke kwana a garka. Don haka maganar abin hawan da ba ya shan mai ta fi shafarmu bisa mutanen birni. Ba abin dariya ba ce.

To, yanzu mu juyo ga ɗaya ɓangaren, masu cewa a kwafo dokar Turawa. Da su ne muke da babbar gardama, saboda su ne ke da bakin da ake ji a ofisoshi.

Mi ake nufi da sassauci? Gwamnati ta yafe wa mai sayen wani abu kuɗin duwan, ko TVA, wadda a ƙasarmu kashi 19 cikin 100 ce, ko ma ta ba shi kuɗi a hannu. Abin da anka yafe ba daga sama yake faɗowa ba. Daga baitulmali yake fita, inda ake biyan malaman lakkol da ma'aikatan likita. Saboda haka tambayar farko ga kowane sassauci ita ce: aljihun wa zai shiga?

A Amurka, gwamnatin tarayya ta yi shekaru tana rage wa mai sayen sabuwar motar kuran haraji har dalar Amurka 7,500, sama da miliyan 4 na sefa, wasu jihohin kuma suna ƙara nasu a kai. Masu hali ne sunka fi cin moriyar, don su ne ke sayen sabuwar mota tun farko. A ƙarshen Satumba 2025 anka soke tallafin na tarayya. A Norwe, kusan mota 9 cikin 10 da anka saya sabbi a 2024 na kuran ne, bayan shekaru ana yafe musu haraji. Amma Norwe ƙasa ce mai arzikin mai, kusan duk wutarta daga madatsun ruwa take, kuma kowane gida yana da wurin jona waya. Habasha ta hana shigo da motocin gida masu shan mai a 2024. Ta yi haka ne tana kallon babbar madatsarta ta kogin Nilu mai sama da megawat 5,000, kuma duk da haka, da ka fita Adis Ababa wurin caji ya zama abin nema. Kowace ƙasa daga cikinsu ta ɗinka riga daidai jikinta.

Mu kuma fa? Ku ƙirga muna, daga Kore Mairuwa har Matankari, mutum nawa ne sunka taɓa sayen mota sabuwa fil daga kamfani? Wanda zai iya zuba miliyan 15 ko 20 a mota ba ya bukatar taimakon gwamnati. In anka yafe mishi duwan da TVA, miliyoyi ne anka bar mishi a aljihu, kuɗin da zai gina aji ko ya sayi moto da yawa. Mai sayar da ƙosai tana biyan kuɗin kasuwa, ɗan kabu-kabu yana biyan na tasha, manomi yana biyan TVA a kan sabulu da batir ɗin tocila, sannan a tattara a sassauta wa motar da ba za ta taɓa taka yashin Dumega ba. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maganar tashoshin caji a kan babbar hanya ma haka take. Na'urar da ke cika mota cikin gaggawa tana jan kilowat 50 ko fiye. Gidan da ke da ƙwan fitila, fanka da talabijin, ko da ɗan firji, ba ya wuce rabin kilowat. Ke nan mota ɗaya tana caji, ta ja abin da gida 100 ke ja. A garin da ake raba wuta unguwa-unguwa cikin Afrilu, wace unguwa za a kashe don baƙo mai wucewa daga Yamai zuwa Ƙonni ya cika motarshi?

Kusa da mu akwai darasi. A Afrilu 2021 anka buɗe tashar cajin mota mai aiki da rana ta farko a Najeriya, a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Wanda ya jagoranci aikin, Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato ne, shi ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, kuma a lokacin yana shugabancin hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. Abin alfahari ne ga duk mai jin Hausa, kuma ya nuna rana tana iya cika mota. Amma tashar a harabar jami'a take, an yi ta don gwaji da koyarwa, a lokacin da motocin kuran a yankin ba su taka kara sun karya ba. Mai acaɓa na Sakkwato ya ci gaba da bin layin mai. Mu ɗauki ilimin, amma mu aje tasharmu inda fasinja yake.

Bari mu yi lissafi irin na bakin kasuwa, kowa ya ɗauko biro ya bincika. Wutar da ke faktir ɗin NIGELEC da kWh ake auna ta. Batir ɗin ƙaramar motar gida yana ɗaukar kamar kWh 50. Moto mai aiki da kuran yana cin kamar kWh 4 a tafiyar kilomita 100. Wato abin da zai cika motar mutum ɗaya sau ɗaya, zai tafiyar da moto 12 kowanne kilomita 100. Gida 12 ke nan sun ci abinci a ranar. Panno mai wat 500, a ranar ƙasarmu, yana ba da kamar kWh 2 zuwa 2 da rabi a wuni. Panno biyu sun riƙe moto guda. Panno 20 a kan rumfa ɗaya sun riƙe moto 10, ba tare da an taɓa wayar NIGELEC ba. Shi kuwa moto mai shan mai, kilomita 100 yana cinye lita biyu da rabi ko fiye, musamman cikin yashi da kaya. A farashin gidan mai jaka ɗaya da dala 50 ke nan, a farashin kwalba ya fi haka, ban da baƙin mai da fulogi da gyaran inji. Kowace rana wannan kuɗi yana fita daga aljihun yaro, ya fita daga garin, ba ya dawowa.

Za ku ce, ɗan kabu-kabu zai zauna awa huɗu yana jiran caji ranar kasuwa? A'a. Ƴan uwanmu da ke Kwatano da Lome sun ga yadda ake yi. Tun 2022 kamfanin da yanzu ake kira Spiro yake sa motocin kabu-kabu na kuran a Benin da Togo. Direba ya zo shago, a cire batir ɗin da ya ƙare a sa mishi cikakke, ya biya ya wuce, cikin ƴan mintoci, kamar mai canza tukunyar gas. A Ruwanda, gwamnati ta yafe duwan da TVA ga abin hawan kuran da batir da kayan gyara tun 2021, ta rage kuɗin wuta ga wuraren caji, ta ba su fili ba haya. Sai da kamfanoni irin su Ampersand sunka baza shagunan canjin batir, sannan daga Janairu 2025 anka daina yi wa sabon moton haya mai shan mai rajista a Kigali. Ku lura da jerin: hanya tukuna, sannan hani.

In kuma wani ya ce waɗannan garuruwa ne masu wuta, to ya dubi Maiduguri. A Janairu 2021 ƴan ta'adda sunka tarwatsa turakun da ke kai mata wuta, garin ya yi watanni cikin duhu. A wannan garin ne wani matashi, Mustapha Gajibo, yake cire injin ƙananan bas yana sa musu batir da ake cikawa da rana. A Disamba 2023 gwamnatin Babagana Zulum ta fito da motocin haya sama da 100 masu aiki da kuran da gas. Jiha ce ta yi, kuma da motar talakawa ta fara.

Saboda haka ga abin da muke nema ya shiga doka.

Na ɗaya, sassaucin duwan da TVA ya tsaya ga moto, adaidaita sahu, mai ƙafa uku na kaya, ƙananan bas na haya, da batir ɗinsu, da panno, da kayan gyara. Motar shiga ta mutum ɗaya ta biya haraji kamar kowace mota. Wanda yake so ya saya, ba a hana shi ba, amma da kuɗinshi.

Na biyu, duk ɗan kasuwar da anka yafe wa haraji, a tilasta mishi ya bayyana farashi, a liƙa a ƙofar shago, a karanta a rediyo. Mun sha jin an cire haraji ga kaya, mu je kasuwa mu tarar farashi na nan inda yake. Sassaucin da ya tsaya a hannun mai shigo da kaya bai iso gare mu ba.

Na uku, doka ta ba ƙaramin ɗan kasuwa, ƙungiyar mata da ƙungiyar ƴan kabu-kabu izinin sayar da cajin rana da takarda mai sauƙi, wadda za a samu a mairi, ba sai an je Yamai an kwana bakwai ba. Hukumar ARSE mai sa ido kan makamashi ta tsara ƙa'idar tsaro da iyakar farashi, hukumar ANPER mai kula da wutar karkara ta sa shagon canjin batir cikin duk aikin wutar rana da za ta kai ƙauye. Shagon da ke cika batir da rana, shi ne zai cika salula, ya riƙe firjin allurar rigakafi, ya haska bakin tasha da dare.

Na huɗu, kar a bar kamfani ɗaya ya ɗaure muna ƙafa. In batir ɗin kowane kamfani ba ya shiga sai moton kamfanin, kuma ba a canza shi sai a shagon kamfanin, to ranar da ya ƙara kuɗi ko ya tattara ya tafi, yaranmu sun koma turin ƙarfe. A sa ƙa'ida tun yanzu, girman batir da bakin jonawa su zama iri ɗaya ga duk wanda ke son cin sassaucinmu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, a tsare ƙofa. Turai da Sin suna sauya motocinsu, kuma mun san inda tsohuwar mota ke ƙarewa: wurinmu. Tsohuwar motar mai, bakanike yana lallaɓa ta shekara goma. Tsohuwar motar kuran da batir ɗinta ya gaji kuwa, kuɗin sabon batir yana iya kai kuɗin motar. Kar a bar ko ɗaya ta shigo sai da takardar gwajin ƙarfin batir. Haka ma batir ɗin moto: zafi yana rage mishi kwana, mu kuwa bazararmu tana haura digiri 40. A gwada kaya a nan cikin Afrilu da Mayu, cikin yashi da ƙura, da buhu biyu a baya, kafin a ba shi izini. Mai sayarwa ya ba da garanti a rubuce.

Na shida, wanda ya kawo batir, shi zai kwashe gawarshi. Wasu masu ƙafa uku masu araha da batir ɗin darma suke zuwa, wanda ba ya daɗewa. In ya mutu, yara ne ke fasa shi a bayan gida. Mun san abin da darma take yi: a Zamfara a 2010, gubarta da ta fito daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400. Batir ɗin litiyom kuma in ya huje yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa. A sa kuɗin ajiya a kan kowane batir, wanda ya maido matacce a ba shi kuɗinshi.

Na bakwai, bashi da horo. Matsalar ɗan kabu-kabu ba son abin ba ce, kuɗin farko ne. A ba shi moto ya riƙa biya kullum daga abin da da yake zubawa a mai, ta hannun ƙungiyarsu ko asusun ajiya da bashi, da yarjejeniya da Hausa wadda zai gane. A cibiyoyin koyon sana'a na CFM kuma a buɗe ajin gyaran moton kuran, a fara da bakanikan da ke aiki yanzu. Abin hawan da ba mai gyara shi a garin, ado ne.

Mun san akwai masu ja, kuma wasu jan nasu na da nauyi. Za a ce ƴan ruwa-ruwa fa, da mi za su ci? Wannan sana'a ta ciyar da gidaje da yawa a bakin iyakar nan, ba mu raina ta ba. Amma tun 2023 ribarta ke raguwa, kuma duk mun san gobarar da man da ake ɓoyewa cikin ɗaki yake jawowa. Su ne sunka san direbobi, su ne ke da wuri a bakin hanya. A ba su fifiko wajen riƙe shagunan canjin batir.

Za a ce ƙasa mai arzikin mai za ta rage wa kanta kasuwa? Maris 2025 ta ba da amsa. Man da muke tacewa bai ishe mu ba. Duk litar da moto bai sha ba, ta rage wa motar kasuwa, motar ɗaukar marasa lafiya da injin ban ruwa. Manyan motocin da ke bin RN1 za su daɗe suna shan gazuwal, babu mai gardama a kai.

Za a ce tsaro fa? Gaskiya ne moto ya zama abin zargi a ƙasar nan. A Janairu 2020 anka hana yawo da shi a wasu sassan jihar Tillaberi, kuma mu ma nan bakin iyaka mun san halin da ake ciki. Amma ku duba: moton da dole ya dawo shago duk bayan kilomita 70 ko 80, wanda anka rubuta lambarshi da sunan mai shi da lambar batir ɗinshi, bai yi wa ɗan daji amfani ba. Galan ɗin mai ana ɓoye shi a kurmi, shagon caji ba ya ɓoyuwa. Wannan tsari zai taimaka a bambance yaron da ke neman halak ɗinshi da wanda ba shi ba.

Wani abu kuma, ba komi ne sai an jira Yamai ba. Duwan da TVA na gwamnatin tsakiya ne, amma fili a bakin tasha na komin ne, kuɗin tasha na komin ne. Tun Afrilu 2024 da anka rusa majalisun komin, masu riƙon mairi da ake kira AD ne ke da wuƙa da nama. Ranka shi daɗe AD, babu abin da ya hana a ware wa ƙungiyar ƴan kabu-kabu fili kusa da kasuwa, a yafe wa moton kuran kuɗin tasha na shekara biyu, a nemi abokan aiki a gwada da moto 10 da rumfa ɗaya. Kore Mairuwa na kan kwalta, tsakanin Dosso da Dutsi, ga hanyar Tibiri, ga garake, ga ƙauyuka da ke kewaye da ita a tazarar da batir ɗaya zai je ya dawo. In gwajin ya yi kyau, an samu hujja. In bai yi ba, an san inda matsala take da kuɗi kaɗan, kafin a zuba miliyoyi.

Ga wakilanmu a majalisar ba da shawara ta CCR, da perfe-perfe na Tibiri da Dutsi, da iyayenmu sarakuna: in maganar nan ta iso teburinku, tambaya ɗaya muke roƙo ku yi kafin ku sa hannu. Wa zai hau? In amsar ita ce darakta da ɗan kwangila, ku maida takardar. In amsar ita ce mai kai mara lafiya likita da mai fito da rake daga fadama, ku sa hannu, mu kuma za mu yi ta shela a rediyo har kowa ya ji.

Ku kuma ƴan kabu-kabu da masu ƙafa uku, maganar taku ce, kar ku bari a yi ta ba ku. Ku sa ta a taron ƙungiya. Ku rubuta muna a ƙasa: lita nawa kuke sha a rana, nawa kuke saye, kilomita nawa kuke yi ranar kasuwa, nawa ke rage muku in kun cire na mai moto. Ƴan uwa da ke Kwatano, Lome da Maiduguri waɗanda sunka hau ko sunka tuƙa irin wanga moto, ku faɗa muna daɗinshi da wahalarshi, kar ku rage komi. Da waɗannan lissafe-lissafe naku za mu shirya zama na musamman a rediyo, mu gayyato hukuma ta amsa.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya, shi tsare matafiya. Sai mun ji daga gare ku.